Wai su waye 'yan sa-kan Amurka masu yawo da bindiga, kuma me suke nema?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman ƙarin haske daga masu bibiyar siyasar Amurka a cikinku. Tun da magoya bayan Trump suka kutsa majalisar dokokin ƙasar ranar 6 ga Janairun 2021 ake ta ambaton wasu ƙungiyoyi, su Oath Keepers da Three Percenters, ana kiransu mayaƙan sa-kai masu tsattsauran ra'ayin riƙau. Sai ka ga hotonsu cikin kakin soja, kowa rataye da babbar bindiga, a bakin majalisar jiha, ɗan sanda na tsaye yana kallo. An yanke wa shugaban ɗaya daga cikinsu ɗaurin shekara 18, sai ga shi a waje a farkon 2025.

Musu ya kaure a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Agege. Wasu sun ce OPC ce irin ta can, wato ƙungiyar Yarabawa ta Oodua People's Congress. Wasu sun ce 'yan banga ne kamar na ƙauyukanmu. Wasu kuma sun ce tsofaffin masu ƙin baƙar fata ne suka sake riga. Daga ina suka fito? Me suka yi imani da shi? Wane irin zance suke yi har magidanci mai hankali, tsohon soja, ya bi su? Kuma doka ta yarda da su?

Malam na Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Ɗan Agege. Ƙungiyoyin a siffar da ka gani an haife su a 1994, amma irin da aka shuka ya girmi haka da fiye da shekara ashirin.

A farkon shekarun 1970 wata tafiya mai suna Posse Comitatus ta ɓulla a yammacin Amurka. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai William Potter Gale, tsohon hafsan soja kuma mai wa'azin wata aƙida da ke cewa Turawa ne Bani Isra'ila na gaskiya, Yahudawa kuma maƙiya ne. Koyarwarsu ta siyasa gajera ce: babu hukuma halastacciya sama da sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Harajin gwamnatin tarayya haramtacce ne, kotunanta ba su da hurumi. Da farko mutane kaɗan ne suka saurare su.

Sai bango ya tsage. A 1980 Shugaba Carter ya hana sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi, kuɗin ruwa a bankuna ya haura kashi 20 cikin ɗari, darajar gonaki ta zube. Manoman da suka ci bashi suka jinginar da gona sai suka ga banki na gwanjon abin da suka gada kaka da kakanni. 'Yan Posse suka riƙa zuwa wuraren gwanjon suna ce wa manomi ba laifinsa ba ne, Yahudawan banki ne suka shirya masa gadar zare, bashin ma ba ya kansa. A Fabrairun 1983 wani manomi ɗan wannan tafiya, Gordon Kahl, wanda ya ƙi biyan haraji, ya harbe jami'an tarayya biyu a Medina ta jihar North Dakota. An kashe shi a Arkansas cikin watan Yuni, magoya baya suka mai da shi gwarzo.

Amma abubuwa biyu ne suka fitar da maganar daga lungu zuwa kasuwa, kuma a dukansu akwai laifin hukuma mai yawa.

Na farko Ruby Ridge, a jihar Idaho, cikin Agustan 1992. Randy Weaver ya ƙaura da iyalinsa kan wani tsauni. An tuhume shi da sayar wa wani ɗan rahoton hukuma bindigogi biyu da aka gajarta bututunsu fiye da yadda doka ta yarda. Wasiƙar da aka aika masa ta ce ya zo kotu 20 ga Maris, alhali zaman na 20 ga Fabrairu ne. Bai zo ba, aka ba da sammacin kama shi. Ranar 21 ga Agusta aka yi musayar wuta, jami'i ɗaya ya mutu, ɗan Weaver mai shekara 14 ya mutu. Washegari maharbin FBI ya harbe matarsa Vicki tana bakin ƙofa riƙe da jaririya 'yar wata goma. Ƙawanyar ta kai kwana 11. Kotu ta wanke Weaver daga manyan tuhume-tuhumen, a 1995 kuma gwamnati ta biya iyalin diyyar dala miliyan 3.1.

Na biyu Waco, a Texas. Ranar 28 ga Fabrairun 1993 hukumar kula da makamai ta ATF ta kai samame gidan wata ɗariƙa da David Koresh ke jagoranta. Jami'ai huɗu da mabiya shida suka mutu a ranar. Aka yi kwana 51 ana zaman doya da manja, ranar 19 ga Afrilu FBI ta shiga da motocin yaƙi da hayaƙi mai sa hawaye, gobara ta tashi, mutum 76 suka mutu, fiye da 20 daga cikinsu yara. Binciken da aka kammala a 2000 ya ce mutanen cikin gidan ne suka cinna wutar. Amma miliyoyin mutane sun riga sun kalli gidan yana ci a talabijin.

Kan wannan rauni aka ɗora dokokin bindiga biyu: dokar Brady a Nuwamban 1993, mai tilasta binciken mai saye, da haramcin wasu nau'o'in manyan bindigogi a Satumban 1994. Ga wanda ya riga ya gaskata cewa gwamnati na shirin ƙwace makamai, wannan ai shaida ce. A farkon 1994 John Trochmann ya kafa ƙungiyar sa-kai ta Montana, a Afrilu Norman Olson ya kafa ta Michigan. Ta Montana ta fi ƙarfi a sayar da ƙasidu da kaset ɗin bidiyo ta gidan waya, ta Michigan kuma ta fi yawan mutane.

Shekara biyu daidai bayan Waco, 19 ga Afrilun 1995, Timothy McVeigh ya tayar da bam a ginin gwamnatin tarayya a Oklahoma City. Mutum 168 suka mutu, 19 yara ne. McVeigh ba shi da rajista da wata ƙungiyar sa-kai, amma a wannan rijiyar ya sha ruwa, kuma da bakinsa ya ce fansar Waco ya ɗauka. Cibiyar SPLC mai ƙidayar irin waɗannan ƙungiyoyi masu gaba da gwamnati ta lissafa 858 a 1996. Daga nan suka yi ta raguwa har suka koma 149 a 2008. Sai tattalin arziki ya karye, Obama ya ci zaɓe, Facebook ya shiga kowane gida. A 2012 lissafin ya kai 1,360. Oath Keepers da Three Percenters 'ya'yan wannan zango na biyu ne.

Barista Yaba:

Malam ya kawo tarihi, ni bari in taɓa doka, don nan ne aka fi ruɗa mutane.

Dogaronsu gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791. Ma'anarsa: tun da rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami ba. Sai su haɗa da wata dokar tarayya da ta kasa rundunar sa-kai gida biyu: mai tsari, wato rundunar tsaron jihohi da gwamnoni ke riƙe da ita, da marar tsari, wato duk namiji lafiyayye daga shekara 17 zuwa ƙasa da 45. Suka ce to mu ne marar tsarin nan, kuma aikinmu taka wa gwamnati birki idan ta yi zalunci.

Ga inda hujjar ta karye. Kundin da kansa ya faɗi aikin rundunar sa-kai: aiwatar da dokokin tarayya, murƙushe tawaye, korar maharan waje. Majalisa ke tsara ta, jihohi ke naɗa hafsoshinta. Rukunin marar tsari jerin mutanen da gwamnati ke iya kira ne idan buƙata ta taso, babu inda ya ba wani damar tara abokansa ya naɗa kansa kwamanda. A 1794, da manoman yammacin Pennsylvania suka yi bore kan harajin barasa, shugaban ƙasa na farko George Washington da kansa ya tara 'yan sa-kai kusan 13,000 ya tura musu. Wato rundunar da suke cewa sun gada, farkon babban aikinta murƙushe masu ƙin haraji ne. Kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Presser, 1886, cewa jiha na da ikon haramta rundunoni masu zaman kansu. A shari'ar Heller ta 2008, wadda ta tabbatar wa mutum ɗaya haƙƙin ajiye bindiga a gidansa, kotun ta maimaita cewa wancan hukuncin na nan. Dukan jihohi 50 suna da tanadi, a kundinsu ko a dokokinsu, da ya hana rundunar da ba ta ƙarƙashin hukuma.

To me ya sa ɗan sanda ke kallo? Dalilai uku ne suke haɗuwa. Jihohi da yawa sun halatta fita da bindiga a fili, shi ya sa aka ga masu makamai cikin majalisar Michigan ranar 30 ga Afrilun 2020 lokacin kullen korona. Sannan kotun ƙoli ta ce tun 1969 ba a hukunta magana, kome zafinta, sai idan tana ingiza aikata laifi nan take kuma da alamar za a aikata. Na uku, sherif zaɓaɓɓe ne, a ƙaramar gunduma waɗannan mutane masu ƙuri'a ne, wasu ma 'yan uwansa. Dokar tana nan a rubuce, mai ɗaukarta ne ba ya so.

Game da wanda ka ce an saki, Stewart Rhodes ne. Tsohon sojan laima ne, ya karanta shari'a a jami'ar Yale, ya kafa Oath Keepers a 2009. Bai shiga ginin majalisa ba ranar 6 ga Janairu. Abin da ya kama shi saƙonninsa na waya, da shaidar cewa mutanensa sun tara makamai a wani otal a Virginia, tsallaken kogi daga Washington, suna jiran umarni. An same shi da laifin haɗa baki don tayar wa gwamnati da ƙarfi a Nuwamban 2022, aka ɗaure shi shekara 18 a Mayun 2023. Ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya yi wa kimanin mutum 1,500 afuwa, amma Rhodes yana cikin 14 da aka sassauta wa hukunci kawai. A ranar ba goge laifin aka yi ba, zaman gidan yarin aka yanke.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, Malam da Barista. Amma har yanzu ban gane abin da ke jan mutum ba. Wanda ya karanta shari'a ai ya san duk wannan da Barista ya faɗa. Me ake gaya wa mabiyan?

Hajiya ta Obalende:

Ƙanena, ba da ƙiyayya ake fara kiran mutum ba. Da za a fara da ita, da yawa ba za su zauna ba. Ana fara kiransa da mutuncinsa.

Dubi sunan Oath Keepers, ma'anarsa masu cika rantsuwa. Kowane soja da ɗan sanda a Amurka yana rantsuwar kare kundin tsarin mulki, ta soja ma ta ce daga dukan maƙiya, na waje da na cikin gida. Rhodes ya zo ya ce wa tsohon soja rantsuwarka ba ta ƙare ranar da ka tuɓe kaki ba. Ya ba shi jerin umarni goma da zai ƙi bi: ba zai ƙwace makaman jama'a ba, ba zai yi bincike ba takardar kotu ba, ba zai yi wa birni ƙawanya ba, ba zai tusa 'yan ƙasa sansanin tsare mutane ba, da sauransu. Wa zai ce waɗannan ba su da kyau? Amma duba abin da jerin ya cusa maka ba tare da ya faɗa ba: cewa ana gab da ba da irin wannan umarni. Da ka sa hannu, ka karɓi labarin gaba ɗaya. Mutumin da ya dawo daga Iraƙi ko Afganistan, ya rasa abokan da ya saba da su, aikin da ya samu bai kai masa ba, an mayar masa da kaki da muƙami da 'yan uwa da abin karewa. Lokacin da rajistar ƙungiyar ta fita fili a 2021 an ga sunaye kusan 38,000, ko da yake da yawa sun biya kuɗin shiga sau ɗaya ne suka watse.

Labarin kansa yana da matakai, kuma bai sauya ba tun 1994. Za a yi rajistar bindigogi. Za a ƙwace su. Za a ƙirƙiro wata fitina a kafa dokar ta-ɓaci. Za a kwashe masu turjiya zuwa sansanonin da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta gina a ɓoye. Daga ƙarshe sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya su shigo, a miƙa ƙasa ga gwamnatin duniya guda. Sunan da suke kiran wannan shiri, sabon tsarin duniya, sun tsince shi daga jawabin Shugaba Bush babba a Satumban 1990. Idan ka kwatanta da na 'yan Posse za ka ga gini ɗaya ne, an cire kalmar Yahudawa an sa masu kuɗin duniya a gurbinta. Wannan sauyi ne ya buɗe ƙofa ga wanda zai gudu da ya ji zagin ƙabila a fili.

Amfanin labari mai matakai shi ne, kowace ƙaramar doka tana zama matakin farko na babban bala'i, don haka babu sasantawa. Kuma ba ya ƙaryatuwa. An ce kwamfutoci za su tsaya a daren shiga 2000 a kafa dokar ta-ɓaci, ba a yi ba. A 2015 an ce atisayen sojan da ake kira Jade Helm shirin mamaye Texas ne, har gwamnan jihar, Greg Abbott, ya sa dakarun jiha su sa ido. Atisaye ya ƙare lafiya. Amsar kullum ita ce mun tona asirinsu shi ya sa suka fasa.

Sai rigar aro daga 1775. Ranar 19 ga Afrilun shekarar sojojin Ingila suka nufi Lexington da Concord don ƙwace makaman 'yan sa-kai, a nan yaƙin neman 'yanci ya fara. Waco ta faɗo ranar 19 ga Afrilu, McVeigh ya zaɓi ranar da gangan, Rhodes kuma ya ƙaddamar da ƙungiyarsa a filin Lexington ranar 19 ga Afrilun 2009. Tutar nan mai ruwan ɗorawa da maciji, mai cewa kada ka taka ni, daga wancan zamanin take. A wannan wasan kowa ya san matsayinsa: su ne jikokin waɗanda suka kafa ƙasa, jami'in haraji kuma sojan sarkin Ingila. Three Percenters, da Mike Vanderboegh ya assasa a 2008, sunansu daga da'awar cewa kashi uku cikin ɗari kacal suka yaƙi Ingila. Lissafin bai fita ba. Fiye da mutum 200,000 suka yi aiki a rundunar George Washington a tsawon yaƙin, ban da 'yan sa-kan jihohi, a ƙasa mai mutum kusan miliyan biyu da rabi har da mata da yara da bayi. Amma da'awar tana yi musu aiki babba: ƙarancinsu ya zama hujjar gaskiyarsu, ba sa buƙatar cin zaɓe.

Kalmar da ta fi haɗari a bakinsu ita ce kare kai. Kullum cewa suke ba mu za mu fara harbi ba. Amma idan ka shafe shekara goma kana gaya wa mutane an riga an fara yaƙi da su, wani cikinsu zai ga cewa harinsa ramuwa ce. Shugabanni su ce ba namu ba ne, kuma a takarda gaskiya suka faɗa. Louis Beam, tsohon jigo a ƙungiyar farar fata masu wariyar launi ta Ku Klux Klan, ya yi ta yaɗa wannan tsari na gwagwarmaya ba shugaba tun kafin 1994.

Alhaji na Oko-Oba:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara rikicin Bundy, don mu masu harkar shanu za mu fi gane shi, kuma yana nuna yadda abin ke tafiya a aikace.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar jihar Nevada mallakar gwamnatin tarayya ne. Makiyayi yana karɓar lasisi ya biya kuɗin kiwo, kusan kamar jangali amma a kan ciyawa. A 2014 kuɗin dala 1.35 ne a wata kan saniya da ɗan maraƙinta, ƙasa ƙwarai da abin da mai fili na kansa ke karɓa. A 1993 hukuma ta rage yawan shanun da Cliven Bundy zai sake saboda kare wani kunkurun hamada. Ya daina biya, ya ce bai san gwamnatin tarayya ba, jiha da gunduma ya sani. Ka ji maganar Posse ta dawo bayan shekara ashirin. Kotu ta ba da umarni a 1998, ta sake a 2013. Bashi da tara suka haura dala miliyan ɗaya. A Afrilun 2014 aka fara kame shanunsa, aka tara kusan 400.

Bidiyon jami'ai suna harbin ɗansa da bindigar lantarki ya bazu a intanet. Cikin kwanaki 'yan sa-kai suka kwararo daga jihohi daban-daban. Ranar 12 ga Afrilu aka tsaya fuska da fuska, wasu kwance kan gada sun saita jami'ai. Hukuma ta tuna Waco, ta saki shanun. Ta tsare jini, amma 'yan sa-kai suka karanta abin a matsayin bindiga ta yi aiki. A Janairun 2016 'ya'yan Bundy suka mamaye gandun Malheur a Oregon kwana 41, aka kashe mutum ɗaya cikinsu, kotu ta wanke jagororin. Shari'ar Nevada kuma alƙali ta kore ta a Janairun 2018 saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye shaidu. Hukuma ta ga gaba kura baya sayaki: in ta yi ƙarfi ta ba su shahidi, in ta ja baya ta ba su nasara. Abin da ya yi aiki shi ne na 1996 a Montana, inda FBI ta zauna kwana 81 tana jiran wasu masu kiran kansu Freemen har suka fito ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Su ma ta cikinsu suke lalacewa. Kowa so yake ya zama kwamanda. Norman Olson ya rasa shugabancin ta Michigan a 1995 bayan ya ce Japan ce ta kai harin Oklahoma. Kuma duk inda aka fara maganar hari, da wuya babu mai kai rahoto a ɗakin. Shirin sace gwamnar Michigan, Gretchen Whitmer, a Oktoban 2020 haka ya tonu. An tuhumi mutum 14, jagorori biyu suka sami shekara 16 da 19 da 'yan watanni, amma an wanke biyar, lauyoyi suna cewa 'yan rahoton ne suka yi ta zuga su.

Malam na Idi-Araba:

Saura tambayar farko, ko OPC ce, ko 'yan banga, ko masu wariyar launi.

Na wariyar launi: ba daidai ba ne a ce duk ɗaya suke da Ku Klux Klan. Yawancinsu suna musanta wariya, akwai ma baƙaƙe ƙalilan a cikinsu, kuma abokin gabarsu na asali gwamnatin tarayya ce. Amma tun 2008 Musulmi da baƙin haure sun shiga sahun gaba na maƙiya, da labarin cewa ana shirin kafa shari'ar Musulunci a Amurka. A Oktoban 2016 aka kama mutum uku a Kansas suna shirin tayar da bam a rukunin gidajen da 'yan Somaliya ke zaune, mai masallaci a ciki, a Garden City, washegarin zaɓe. An ɗaure su shekara 25 zuwa 30. A Agustan 2017 wasu daga Illinois suka jefa bam a masallacin Dar al-Farooq a Minnesota, jagoran ya sami shekara 53. Don haka Musulmi ba zai ce abin bai shafe shi ba.

Na 'yan banga: a nan bambancin ya fi fitowa. Ɗan banga a Zamfara, ko ɗan kato da gora a Maiduguri tun 2013, ya tashi ne don hukuma ba ta zo ba, kukansa a ƙaro jami'ai. Na Amurka kukansa hukuma ta yi yawa, ta shiga gonarsa da aljihunsa da ma'ajiyar bindigarsa.

OPC ta fi kusa ta wata fuska. An kafa ta a 1994 kan ƙorafi na gaske, soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Ta dare gida biyu tsakanin Dakta Fasehun da Gani Adams, kuma mu mazauna Legas mun san rikicin da ya biyo baya a Ketu da Mile 12 a Nuwamban 1999, da nan Idi-Araba a Fabrairun 2002. A Disamban 1999 aka kafa Arewa People's Congress a matsayin martani, da irin harshen nan na mu kare namu. Amma OPC ƙungiyar ƙabila ce mai neman haƙƙin yanki, ba ta da labarin gwamnatin duniya, kuma ba ta da gyara na biyu da za ta fake da shi. Sashe na 227 na kundinmu na 1999 ya hana kowace ƙungiya tara mutane ta horar da su don amfani da ƙarfi a siyasa, sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce kan Amotekun, rundunar tsaron jihohin kudu maso yamma, a Janairun 2020.

Barista Yaba:

Ƙari ɗaya kan maganar Malam cewa gwamnatin tarayya ce abokiyar gabarsu. Haka yake har 2016. Da Trump ya hau, a karon farko suka sami shugaban ƙasa da suke ɗauka nasu ne, sai gabar ta koma kan gwamnonin jam'iyyar Democrat, da masu zanga-zangar adawa, da abin da suke kira gwamnatin ɓoye a cikin ma'aikatu. Rhodes ya shafe makonni bayan zaɓen 2020 yana kira a fili ga Trump ya yi amfani da dokar murƙushe tawaye ta 1807 ya kira 'yan sa-kai. Ƙungiyar da aka kafa don ƙin dokar ta-ɓaci ta koma roƙon a kafa ta. Facebook ya fara rufe shafukansu a Agustan 2020, Kanada ta sa Three Percenters cikin jerin ƙungiyoyin ta'adda a Yunin 2021, shari'o'in 6 ga Janairu kuma suka karya shugabancin Oath Keepers na ƙasa. Abin da ya rage galibi ƙananan ƙungiyoyi ne a matakin jiha da gunduma, da ƙoƙarin jawo sherif-sherif ta ƙungiyar da Richard Mack, tsohon sherif daga Arizona, ya kafa a 2011, mai koyar da cewa a cikin gunduma ikon sherif ya fi na kowane jami'in tarayya.